Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Labarin Kamfanin Jiragen Saman Butan



Sa'ad da aka sanar cewa za mu yi magana a kan kamfanin jiragen sama na ƙasa, mun san abin da yawancinku suka zata. Kun zaci za mu sake zaman makokin Nigeria Airways, wanda ya daina tashi a 2003, ko na Air Afrique, wanda ƙasashe goma sha ɗaya suka haɗu suka kafa ya kuma rushe a 2002, ko na Ghana Airways da ya bi sahunsu ba da daɗewa ba. An sha yin wannan zaman, kuma kowa a nan ya haddace abin da ake faɗa a cikinsa. Mu kuwa mun ga ya fi amfani mu bar matattu mu duba mai rai. Saboda haka za mu kai ku nesa, can cikin duwatsun Himalaya, wajen wata 'yar ƙasa da ake kira Butan, wadda ta kafa nata kamfanin a 1981, ga shi kuwa har yau yana tashi. Sunansa Drukair. A 2024 jiragensa na fasinja masu fukafukai biyar ne kacal. Abin da muke so mu bincika tare da ku shi ne yadda aka zaɓi waɗannan jiragen, da dalilin da ya sa ba su fi haka yawa ba.

Sai mu fara da ƙasar kanta, gama ba a fahimtar kamfanin sai an fahimci inda yake. Faɗin Butan bai wuce murabba'in kilomita 38,400 ba, mutanenta kuma ba su kai miliyan ɗaya ba. Ba ta da teku. A arewa ga Sin, a kudu da gabas da yamma ga Indiya, watau tana zaune ne tsakanin ƙasashe biyu da suka fi kowa yawan jama'a a duniya. In ban da wani siririn fili a kan iyakarta ta kudu, duk sauranta duwatsu ne da kwaruruwa. Mutanenta suna kiranta Druk Yul, ƙasar dodon tsawa, wani dodo na almararsu wanda hotonsa yake jikin tutarsu, kuma daga nan kamfanin ya samo suna. Har zuwa ƙarshen shekarun 1950 babu hanyar mota a cikinta. Wanda zai je Thimphu, babban birnin, daga iyakar Indiya, sai ya yi kwanaki a ƙasa ko a kan alfadari. Sai a farkon shekarun 1960 aka fasa duwatsu aka yi hanya daga garin Phuentsholing na kan iyaka zuwa Thimphu, da kuɗi da ma'aikatan Indiya. Tsawonta kimanin kilomita 170 ne, amma saboda kwane-kwane takan ci rabin yini, in damina ta yi ƙarfi kuwa ƙasa ta zaftare ta toshe ta.

To, me zai sa irin wannan ƙasa, wadda ko talabijin ba ta yarda ya shigo ba sai a 1999, ta ce sai ta mallaki jirgin sama? Amsar tana wajen maƙwabtanta. A 1950 sojojin Sin suka shiga Tibet, a 1959 aka murƙushe tawayen da ya tashi a can, Butan ta rufe iyakarta ta arewa, wadda da ita ce babbar hanyar fataucinta. Ya zama ba ta da ƙofa sai ta kudu. Ga kuma yarjejeniyar 1949, wadda a cikinta ta amince za ta riƙa bin shawarar Indiya a harkokinta na waje. Sa'an nan a 1975 masarautar Sikkim, wadda ke kusa da ita kuma take kama da ita a addini da al'ada, ta daina zama ƙasa, ta koma jiha a cikin Indiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin yi. Butan ta riga ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971, amma kujera a Majalisa ba ta wadatar ba muddin duk jakadan da zai zo wajenka, da duk ministanka da zai fita, sai ya sauka a ƙasar wani ya nemi mota. Sarki Jigme Singye Wangchuck, wanda ya gaji mahaifinsa a 1972 yana ɗan shekara 16, shi ne ya ba da umarnin kafa kamfanin ran 5 ga Afrilu, 1981. A lokacin bai kai shekara 26 ba, watau da kaɗan ya girmi wasunmu da ke zaune a wannan zaure.

Niyya ke nan. Saura wurin sauka, kuma a nan ne labarin ya yi daɗi. A duk tsakiyar ƙasar da yammacinta, inda gwamnati take, da ƙyar aka sami kwari ɗaya mai shimfiɗaɗɗen fili da zai ɗauki titin jirgi. Shi ne kwarin Paro, tafiyar kimanin awa guda a mota daga Thimphu. Hukumar gina hanyoyin iyaka ta Indiya ta riga ta share wani ɗan fili a wurin a 1968, wanda jirage masu saukar ungulu suke amfani da shi. Filin yana kan tudun da ya kai mita 2,235 sama da teku. Domin ku gane, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Watau gindin kwarin nasu ya kusa kai ƙololuwar dutsen namu. Duwatsun da ke kewaye da shi kuwa akwai masu kai wa mita 5,500.

'Yan'uwanmu na sashen kimiyya za su yi mana afuwa mu ɗan shiga gonarsu. Jirgi iska yake takawa. Fiffike yana ɗaga shi ne saboda iskar da ke gudu a samansa da ƙarƙashinsa, injin kuma iska yake zuƙa ya ƙona mai da ita. Gwargwadon hawanka sama, gwargwadon yadda iska take raguwa kauri, haka kuma in rana ta yi zafi. Saboda haka a wuri irin Paro fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, injin kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Jirgi yana bukatar ya fi gudu kafin ya ɗaga, ya kuma sauko da gudun da ya fi na kullum, alhali titin gajere ne, dutse kuma yana jira a kowane ƙarshensa. Abin da ya rage sai a rage nauyi: ko fasinja, ko kaya, ko mai. Wannan lissafin shi ne ya mallaki kamfanin tun ranar farko, kuma duk shawarar da za mu ambata daga nan ta fito ne daga cikinsa.

Jirgin da suka fara saye ƙarami ne, Dornier 228, ƙirar Jamus, mai farfela biyu da kujeru 18. Ya sauka Paro ran 14 ga Janairu, 1983, a sa'ar da malaman addinin Buddha suka zaɓa, suka kuma yi masa addu'o'insu kafin a sa shi aiki. Ran 11 ga Fabrairu na wannan shekara ya yi tafiyarsa ta farko da fasinja, daga Paro zuwa Kalkata, ya kwana can ya dawo washegari. Filin jirgin a lokacin titi ne da wani ɗan gini mai ɗaki biyu, ƙasa ana duba tikiti, sama ana magana da matuƙi, masu jiran tashi kuwa a kan ciyawa suke zama. Babu ma hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasar sai a 1986, saboda haka kamfanin ne yake lura da filin da kansa. Matuƙan farko baƙi ne, aka riƙa tura 'yan ƙasa koyo a waje har suka karɓa.

Muna roƙonku ku tsaya a kan wannan hoton kaɗan. Ƙasa mai sarki, mai tuta, mai kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe kamfanin jiragenta da abin da bai fi motar haya ta tasha ɗaukar mutane ba. Lalle akwai waɗanda suka yi dariya. Amma jirgin yana iya sauka a filin da suke da shi, suna iya cika shi, suna iya biyan kuɗin mansa. A shekarun nan kuwa ƙasashe da yawa da suka sami 'yanci, a Afirka da Asiya, manyan jirage masu ƙetare teku suke saye, domin a ga tutarsu a Landan da Faris, ko da rabin kujerun babu kowa, ko kuwa masu zama a kansu manyan gwamnati ne da ba su biya ba.

Shekara biyar suka yi da Dornier, suka ƙara na biyu, suka buɗe hanyar Dakka ta Bangladash a 1986. Sai a Nuwamban 1988 suka karɓi jirgin jet na farko, BAe 146, ƙirar Ingila, mai ɗaukar mutum kimanin 70. Wanda ya ga hotonsa zai yi mamaki, gama ɗan jirgi ne amma injinsa huɗu, fukafukansa kuma a saman gangar jiki suke. An ƙera shi ne domin gajerun filaye. Amfanin injin huɗu a Paro a fili yake: in ɗaya ya mutu ana cikin tashi, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfi aka rasa, saura uku su fid da jirgi daga kwarin. Da wannan jirgi aka buɗe Delhi, da Bankok, da Katmandu. Hanyar Bankok ita ce muhimmiya, domin da ita Butan ta sami ƙofar da ke kai ta babbar mahaɗar jiragen duniya a wata ƙasa dabam. A 1990 aka ƙara tsawon titin Paro, a 1992 aka kawo BAe 146 na biyu.

Kada a ce mun ɓoye wahalar ƙanƙanta. Mai jirgi biyu, in ɗaya ya kwanta, rabin kamfaninsa ne ya kwanta. Haka ta faru wajen shekarar 2000, da aka tarar tsatsa ta ci tankunan mai da ke cikin fukafukan ɗaya daga cikin jiragen, ya daɗe a wajen gyara, ƙasa duka ta dogara da guda. Bayan wannan sai wata ta sake faɗo musu. Sun yi odar sabon samfurin wannan jirgi, wanda ake kira Avro RJX, suna cikin masu saye na farko, sai kamfanin da ke ƙera shi ya soke aikin baki ɗaya a ƙarshen 2001, bayan harin 11 ga Satumba ya karya kasuwar jiragen sama. Ƙaramin mai saye ba shi da bakin magana a irin wannan. Babu wanda zai ci gaba da ƙera jirgi domin mai son guda biyu.

Abin da suka yi daga nan shi ne, a ganinmu, ya fi cancanta yayyenmu na ofis su saurara, musamman waɗanda wata rana takardar sayen kayan gwamnati za ta biyo ta teburinsu. Ba su zaɓi jirgi daga cikin littafin talla ba, ba su kuma wadatu da ziyarar masana'anta a Turai ba. Jiragen ne suka zo Paro. Airbus ya kawo nasa, Boeing ya kawo nasa, kowanne ya sauka ya tashi a cikin kwarin, a gaban mutanen da za su biya kuɗin da waɗanda za su tuƙa. Suka tsaya a kan Airbus A319, mai ɗaukar mutum ɗari da 'yan kai. A cikin danginsa gajere ne, amma an sa masa injin mai ƙarfi, watau ƙarfinsa ya rinjayi nauyinsa, abin da tudu yake bukata ke nan. Na farko ya iso a Oktoban 2004, na biyu ya biyo baya kafin shekarar ta ƙare. Kuɗin jiragen nan biyu shi ne ciniki mafi girma da ƙasar ta taɓa yi a lokaci guda har zuwa wannan lokaci, har ya kumbura giɓin cinikinta da ƙasashen waje a wannan shekara. Tsofaffin BAe ɗin kuwa ba a bar su suna ruɓewa a gefen fili ba, an sayar da su ga wani kamfani a ƙasar Peru, wata ƙasar duwatsun.

Yanzu bari mu ga yadda ake aikin yau da kullum. A Paro ba a sauka da dare, ba a tashi da dare. Ba a kuma sauka sai matuƙi yana ganin ƙasa da idonsa. A yawancin manyan filaye na'ura ce take jagorar jirgi a kan miƙaƙƙen layi tun daga nesa har ƙafarsa ta taɓa titi, ko da hazo ya rufe ko'ina. A nan babu miƙaƙƙen layi, dutse ya tare. Matuƙi yakan shigo cikin kwari ya bi shi yadda ya lanƙwasa, yana karkata dama da hagu, yana lura da alamun da ya haddace, wani tsauni, wani gida, wata gada, ba ya kuwa ganin titin sai saura kaɗan ya sauka. Fasinjoji sukan ga gidajen da ke jikin dutse daidai tagarsu, har da barkonon da aka shanya a kan rufi. Saboda haka ba kowane matuƙi ake bari ya shiga ba, kome yawan shekarunsa a sama, sai wanda aka horar musamman domin wannan fili, ya yi ta sauka a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi, kana a ba shi izini. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga kuma iska. Da rana ta take, musamman daga Fabrairu zuwa Mayu, iska mai ƙarfi takan taso ta bi kwarin, shi ya sa yawancin jirage da sassafe suke tashi, su yi ƙoƙari su dawo kafin azahar. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, gajimare yakan sauko ya rufe duwatsun, a jinkirta tafiya ko a ɗage ta zuwa gobe. Ku dubi abin da wannan yake nufi ga aljihu. Jirgi ba ya kawo kuɗi sai yana sama. Manyan kamfanoni sukan sa nasu aiki dare da rana, bashin da aka sayo shi da shi kuwa ba ya barci. Drukair yana da 'yan sa'o'i ne kawai a gida, saboda haka wasu jiragensa a waje suke kwana, a Bankok alal misali, su taso da asuba domin su iso Paro da hantsi. Har wa yau, da yake ba a iya tashi daga Paro da cikakken fasinja da cikakken mai gaba ɗaya, tafiya mai nisa takan ya da zango a wani gari na Indiya ko Bangladash, irin su Kalkata da Bagdogra da Guwahati da Dakka, a sha mai, a kuma ɗauki wasu fasinjojin. Larura ce, amma sun mai da ita ciniki.

Su wa ke hawa? Da fari akwai masu yawon buɗe ido. Butan ta fara karɓarsu a 1974, kuma tun daga farko ta zaɓi kaɗan masu biya da tsada a kan dubbai masu araha. Ko a yanzu baƙon da ba na maƙwabta ba yana biyan harajin dala 100 a kowane dare, bayan an rage shi daga dala 200 a 2023. Irin wannan baƙo kuɗin tikitinsa ya fi na ɗan ƙasa, watau shi yake tallafe da kujerar mai gida. Wanda ya taso daga Katmandu ran da sama ta washe yakan ga Everest da Kanchenjunga ta taga, har mutane suna rububin kujerun ɓangaren da ake hangensu. Sa'an nan akwai marasa lafiya da gwamnati take aikawa asibitocin Indiya, da ɗalibai, da 'yan kasuwa masu zuwa sari Bankok. Da hunturu kuma ana kai masu ziyara garin Gaya na Indiya, kusa da wurin da mabiya Buddha suka fi girmamawa, abin da zai tuna mana da jigilar alhazai a nan gida. A cikin ƙasar ma, tun daga ƙarshen 2011 aka fara zirga-zirga zuwa ƙananan filaye, Bumthang a tsakiya da Yonphula a gabas, daga baya aka ƙara Gelephu a kudu. Jirgi mai farfela samfurin ATR 42 ne yake wannan aikin, an kuma sabunta shi a 2019. Tafiyar da kan ci kwana biyu a mota daga yamma zuwa gabas ta koma abin da bai kai awa guda ba.

Ta wajen mallaka, a 2007 gwamnati ta tattara kamfanoninta, har da wannan, ta sa su ƙarƙashin wata hukuma guda, Druk Holding and Investments, wadda aikinta shi ne ta riƙe su a madadin jama'a ta kuma nemi lissafi daga gare su kamar yadda mai jari yake nema. Manufar ita ce a sa shamaki tsakanin ofishin minista da akwatin kuɗin kamfani. Daga baya aka ba wani kamfani mai zaman kansa, Bhutan Airlines, izinin yin gasa da shi, ya fara fita waje a Oktoban 2013. Kafin nan shekara talatin Drukair yana cin kasuwarsa kusan shi kaɗai, kuma ba za mu yi musun cewa wannan kariya tana cikin abin da ya raya shi ba. Mutanen ƙasar sun sha kukan tsadar tikiti. Wanda zai ce, to ai kowa aka ba kasuwa shi kaɗai zai rayu, sai mu tuna masa cewa kamfanonin da muka ambata da farko su ma an ba su irin wannan gata, wasu ma fiye, ba ta kuwa hana su mutuwa ba.

Ba kuma muna cewa Butan aljannar duniya ce ba, ko da yake masu tallan yawon buɗe ido suna son su nuna ta haka. A farkon shekarun 1990, daidai lokacin da take sayen jet na biyu, mutane wajen 100,000 masu magana da harshen Nepal suka bar kudancin ƙasar, da yawa korarsu aka yi, suka shekara da shekaru a sansanonin gudun hijira a Nepal. Wannan tabo ne da ba ya gogewa da kyan hoton duwatsu. Iya tafiyar da kamfani dabam, adalci ga talakawa dabam, kuma jawabinmu a kan na farkon ne kaɗai.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2020. A watan Maris na wannan shekara kamfanin ya karɓi jirgi mafi girma da ya taɓa mallaka, Airbus A320neo mai kujeru 140, a cikin watan kuwa aka rufe ƙasar saboda annobar korona. Ba a sake buɗe ta ga baƙi ba sai ran 23 ga Satumba, 2022. Shekara biyu da rabi babu masu yawon buɗe ido, ga sabon bashi. Amma a cikin wannan lokaci ne aka ga abin da Sarki ya hango a 1981. Da kamfanonin duniya suka ajiye jiragensu, kowace ƙasa ta shiga ta kanta, jiragen Drukair ne suka je Indiya da ƙasashen Larabawa da sauran wurare suka kwaso 'yan Butan da suka maƙale, ɗalibai da ma'aikata. Ƙasar da ba ta da nata, sai ta jira alfarmar wani. Wannan amfanin ba ya fitowa a takardar riba da asara, shi ya sa muhawarar ko ya dace gwamnati ta riƙe kamfanin jirage ba ta ƙarewa da lissafin akanta kaɗai.

Da aka buɗe ƙofa kuma sai wani abu ya biyo baya wanda ya shafi sa'o'inmu. Tun daga 2022 dubban matasan Butan suke barin gida zuwa Ostareliya, yawancinsu masu ilmi, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati da suka ajiye aiki. A ƙasar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Ta filin Paro suke fita. Jirgin da aka saya domin ƙasa ta tsaya da ƙafarta, shi ne yake ɗauke da waɗanda aka ilmantar domin su riƙe ta, iyaye suna tsaye a bakin hanyar da ke saman filin suna kallo har ya ɓace a bayan dutse. Ba sai mun yi wa wannan zaure bayanin irin wannan tafiyar ba.

Amsar da Sarki na yanzu, Jigme Khesar Namgyel Wangchuck, ya kawo babba ce ƙwarai. Ran 17 ga Disamba, 2023, ya ba da sanarwar gina sabon birni a Gelephu, a shimfiɗaɗɗen filin nan na kudu da ke kan iyakar jihar Assam ta Indiya, mai dokokinsa na kasuwanci, domin a jawo jari a kuma samar wa matasa abin da zai tsai da su ko ya dawo da su. Zuciyar shirin kuwa babban filin jirgin sama ne, wanda aka fara aikinsa a 2025. A Gelephu babu tudun Paro, babu ƙuncin kwari, ana iya sauka da dare, ana iya tashi da cikakken nauyi. A 2024 kamfanin ya buɗe hanyar Dubai, ya kuma yi odar sababbin jirage biyar daga Airbus, A320neo uku da A321XLR biyu, masu dogon zango da aka yi niyyar su kai har Turai da Ostareliya. Ana sa ran fara karɓarsu daga 2030.

A nan ne mu muke da ɗan ɗar-ɗar, kuma muna so mu ji ra'ayinku a kai in an buɗe fagen tambayoyi. Shekara arba'in kwarin Paro yana yi wa kamfanin nan linzami. Ko da wani babba ya yi sha'awar ƙaton jirgi, dutse ba zai bari ba, babu kuma mai iya ba dutse toshiya ko ya yi masa waya daga fada. Kowane jirgin da suka saya, fasinjojinsa suna nan kafin ya zo. Wannan karon an juya tsarin: jiragen da filin za su riga fasinjojin, ana fatan birnin da ba a gama ginawa ba ya kawo su. Odar guda ta kai yawan dukan jiragen fasinja da kamfanin yake da su a 2024. Kuma da zarar an sami fili mai sauƙin sauka, manyan kamfanonin Indiya da na ƙasashen Larabawa, waɗanda wahalar Paro ta tsare, ba abin da zai hana su neman shigowa, kowannensu kuwa yana da jirage ɗaruruwa da zai iya karya farashi da su.

Malam Shugaba, mun ga kana duban agogo. A nan za mu dakata.